Ƙugun Doña Eulogia

A ƙauyenmu duk wanda ya kwanta a ragar barci mai kyau, ko dai Doña Eulogia Poot ce ta saƙa ta, ko kuwa wadda ta saƙa a wurin Eulogia ta koya. Mu nan gado sai masu kwaikwayon mutanen birni. A raga ake haihuwar mutum, a raga yake jinya, daga cikinta ake sauke shi ranar da ya cika. Eulogia tun ba ta kai tsayin sandunan saƙa ba take tsaye a gabansu, ƙarƙashin bishiyar lemon da ke tsakar gidansu, kuma har yau da ta haura saba'in ba ta zauna ba. Doguwa ce busasshiya, ba nama a jikinta ko na miya. Ta haifi shida, ta binne biyu, ta binne miji, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ba ta ha'inci a zare, ba ta cin amana, gulmarta ma ba ta wuce ta sauran mata ba. Aibinta guda ne: ba ta iya ganin abu a hannun ƙanwarta Casilda ta samu barci.

Casilda gajeriya ce mai ƙiba, ga ƙirji kamar matashi, ga dariya ko a gidan makoki. Tun tana budurwa aka kai ta birnin Mérida aikatau, ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana renon 'ya'yan masu kuɗi. Ta yi aure na ɗan lokaci, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya kama gabansa. Da gwiwoyinta suka gaza ta dawo gida, ta gina ɗaki guda a bayan filin da iyayensu suka bar musu, inda Eulogia ke zaune da autanta. Eulogia takan ce wa masu sayen raga, "Ta yi renon 'ya'yan mutane har ta ƙare, ko ɗaya bai tako ya gaishe ta ba." Gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne cewa yaran unguwa ɗakin Casilda suke cika, na Eulogia kuwa sai an aike su.

Autan nan, Wilberth, magini ne a birnin Cancún, ranar Asabar yake zuwa ya koma Litinin. Sauran 'ya'yan Eulogia duk sun watse, jikokinta a waya take ganinsu. Saboda haka da matar Wilberth, Leydi, ta samu ciki, Eulogia ta ajiye aikin mutane gefe ta kafa wata ƙaramar raga da zaren da ya fi kowanne laushi, ruwan ganye da fari, saƙa mai ƙananan idanu wadda ko yatsan jariri ba zai shige ba. Aka haifi mace, aka sa mata Nayeli. Tun ranar Eulogia ta fara shirin hetzmek a ranta.

Ga wanda ya manta al'adarsa: 'ya mace sai ta cika wata uku, adadin duwatsun murhu, kafin a ɗora ta a ƙugu. Kafin nan a hannu ake riƙe ta ko a kafaɗa, ba mai ware mata ƙafafu. Ranar hetzmek matar da iyaye suka zaɓa ita za ta fara ɗora ta a ƙugunta, ta zagaya tebur da ita, tana damƙa mata allura da zare da ludayi. Wannan mata ta zama madrinarta ke nan, wato uwar goyonta. An ce yarinya halinta take ɗauka da tafiyarta, kuma duk inda suka haɗu har tsufa sai ta rusuna ta sumbaci hannunta. Eulogia ba ta taɓa tambayar kowa ba, don a ganinta ba abin tambaya ba ne. Ƙugu guda ne a gidan da ya ɗauki 'ya'ya shida.

Sai yarinya ta zo da tumbiɗi.

Kowane jariri yana tumbiɗi, amma na Nayeli daban ne. Ta sha nono, kafin a gyara mata riga ya dawo ta baki ya dawo ta hanci. Sai ta banƙare baya kamar baka, ta tsanyara kuka, ta nemi nono kuma, ta sha, ya sake dawowa. Rigunan Leydi duk suka koma warin tsami. Da rana da sauƙi, akwai idon mutane. Dare ne abin tsoro. A cikin ragar nan mai laushi jikin yarinya yake lanƙwashewa, haɓarta ta taɓa ƙirji. Wani dare Leydi ta farka ba don kuka ba, sai don shirun da ya yi yawa. Ta haska fitila ta ga yarinya ido a zare, baki a buɗe, fuska ta yi jawur, nono na kumfa a hancinta, ba numfashi ba sauti. Ta fizge ta tana ihu. Kafin tsofaffin biyu su iso yarinya ta yi tari ta saki kuka. Daga ranar Leydi ta daina barci. Takan zauna a bakin raga da hannunta kan cikin 'yarta har zakara ya yi cara, ta rame, idanunta suka faɗa.

Eulogia ta gwada abin da ta sani. Ta dafa ruwan anis, jiƙon da ake ba jarirai don ciki, ta ɗiga mata, ya dawo. Ta ɗaura mata jan zare a hannu. Ta kwance ragar ta ƙara ɗame ta, ta sauya mata kusurwa. Wata maƙwabciya ta ce ko ragar ce ta yi zurfi, Eulogia ta kalle ta kallo guda, matar ta tuna ta bar wake a wuta.

Ba ragar ba ce, ba nono ba ne, to mene ne? Eulogia tana tsaye gaban saƙarta wata safiya, ta hangi Casilda zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar wake, idonta na kan yarinyar da ke hannun Leydi. Kallo ne mai tsawo, irin na mai yunwa a bakin rumfar mai tuya. Casilda ba ta cika ɗaukar yarinyar ba, domin tun farko ta lura yayarta ba ta so. Eulogia ta ajiye zare.

"Na gano ciwon yarinyar nan," ta ce, da murya yadda har na bayan katanga za su ji. "Ido ne."

Leydi ta ce, "Idon wa, Mama?"

"Wa kike gani yana kallonta tun safe bai taɓa ta ba? Macen da ba ta haifa ba idonta zafi gare shi. Ba laifinta ba ne, haka Allah ya yi ta."

Casilda ta ci gaba da ɓarar wakenta. "Yaya, da idona yana da wannan ƙarfin, ai da tuni kin yi ƙiba, don na fi shekara sittin ina kallonki ina tausayi."

"Yi dariyarki. 'Yar mutane tana shiɗewa ke kina wasa."

"Ba ido ba ne. Na ga irinsa a Mérida, ba sau ɗaya ba. Bakin cikinta ne bai gama ƙwari ba."

"Mérida, Mérida. Can ma wa ya san yawan waɗanda kika kama?"

Kafin azahar magana ta zagaye unguwa. Ga abin da Eulogia ba ta tsaya ta auna ba: a wurinmu maganin ido yana hannun mai idon. Wanda ya kama yaro shi zai ɗauke shi, ya tauna ganyen ruda, ya shafa masa a goshi, ya riƙe shi har zafin ya sauka. Mata uku suka shigo da rudarsu a hannu, Doña Brígida mai karɓar haihuwa a gaba, suka ce to Casilda, tunda yayarki ta gane, sai ki gyara abin da kika ɓata.

Casilda ta karkaɗe zaninta ta miƙe da ƙyar. "Ba ni ita, Leydi. Yanzu ta sha?"

"Yanzu-yanzu, Inna."

Ta tauna ganyen tana yamutsa fuska, ta shafa wa yarinya a goshi don a zauna lafiya. Sannan ta zauna a kujera, ta miƙar da Nayeli tsaye a kan ƙirjin nan nata, kan yarinya bisa kafaɗarta, ta tallafe ta ba tare da matse mata ciki ba. Ta dinga shafa bayanta daga ƙasa zuwa sama, a hankali, tana wani gunaguni a maƙogwaro. Can sai yarinya ta saki gyatsa irin ta mashayin da ya kwana a shagon giya. Matan suka tuntsire da dariya. Nono ɗan kaɗan ya gangaro, Casilda ta share da gefen mayafi. Ba banƙarewa, ba kuka. Nayeli ta yi barci a wurin, baki a sake.

Doña Brígida ta juya ta ce, "Eulogia, kin yi gaskiya. Idonta ne. Kin ga da ta ɗauke ta ya sauka."

Ramin da Eulogia ta haƙa ya yi mata zurfi. In ta ce ba ido ba ne, ta yi wa ƙanwarta ƙazafi a gaban mutane. In ta ce ido ne, to ga magani can zaune a kujera da jikarta a ƙirji. Ta koma gaban saƙarta, ranar sau biyu tana warware layin da ta yi.

Daga nan abu ya zama ƙa'ida. Da Nayeli ta sha nono sai Leydi ta ratsa tsakar gida, ta wuce bishiyar lemo, ta wuce surukarta, ta miƙa wa Casilda. Safe, rana, yamma. Da dare Casilda ta dawo da ragarta ɗakin Leydi, suna karɓa-karɓa, Leydi ta fara samun barci. Eulogia tana jin su ta bango suna ƙus-ƙus suna dariya. Ba ta san me suke wa dariya ba, amma ta tabbata ita ce.

Casilda ce ta matsa aka kai yarinya asibitin gari. Eulogia ta bi su ba a gayyace ta ba, su uku a keke mai ƙafa uku, mai keken yana nishi saboda Casilda. Nas ta auna yarinya ta ce nauyinta yana ƙaruwa, wannan shi ne babban abu, yawancinsu in sun fara zama abin yakan wuce. Ta ce a ba ta nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, a sa ta yi gyatsa, a riƙe ta tsaye bayan ta sha. Kada a ba ta ruwan anis ko wani jiƙo. In ta ƙi nono, ko ta fara ramewa, ko amanta ya zo kore ko da jini, ko leɓenta ya yi shuɗi, a taho da gudu ko da wane lokaci ne. Sannan ta tambaya a ina take kwana.

"A raga," in ji Eulogia. "Ni na saƙa."

"Na san aikinki, Doña, a ragarki nake kwana," in ji nas. "Amma wannan a sauke ta tukuna. A kwantar da ita rigingine a wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, ba matashi ba tsumma."

Asabar ɗin nan Wilberth ya samo katako ya buga wa 'yarsa ɗan gado, abu kamar akwatin tumatir mai ƙafafu. Aka kwance ƙaramar ragar. Leydi ta ninke ta da kyau ta kawo wa surukarta da hannu biyu, ta ce a ajiye mata sai ta girma. Eulogia ta karɓa ta ce, "Da ma zaren saura ne." Ƙarya take yi, har birni ta aika aka sayo shi.

Kada wani ya ce Eulogia ba ta yi ƙoƙari ba. Tana saƙa tana satar kallon yadda Casilda ke yi: inda take sa hannu, yadda take shafa bayan, yadda in yarinya ta ƙware take kifa ta a kan damtsenta, kai ya ɗan yi ƙasa, ta bubbuga tsakanin kafaɗu. In ta faki ido ba kowa sai ta ɗauki Nayeli ta miƙar a ƙirjinta. Amma ƙirjin Eulogia allon wanki ne, kafaɗarta tsinin gatari. Yarinya ta goga fuska a ƙashi ta tsala ihu. Eulogia ta ninka tawul ta cusa cikin riga. Casilda ta shigo ta same ta haka, gefe guda a kumbure.

"Yaya, ƙari ne ya fito miki, ko budurci ne ya dawo ta gefe ɗaya?"

"Zufa nake tarewa."

"Sassauta hannunki. Kin riƙe ta kamar kazar da za ki yanka."

"Shida na rena. Ke nawa kika haifa?"

"Ko ɗaya. Miƙo ta nan kafin ta shiɗe."

Ta miƙa. Yarinya ta yi shiru nan take, kamar an rufe famfo. Wannan shirun ya fi zagin Casilda ciwo.

Ana saura mako guda Nayeli ta cika wata uku, Wilberth ya zo ya tsuguna kusa da uwarsa tana gasa gurasar masara. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya yaba wutar, ya yi maganar tsadar siminti.

"Faɗi abin da ya kawo ka," ta ce. "Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka cika baki da abinci."

"Mama, maganar hetzmek ce. Mun yi shawara da Leydi. Inna Casilda za ta ɗauke ta."

Eulogia ta juya gurasa da yatsunta. "Kun yi shawara."

"Ke ai kakarta ce, Mama, ba mai ƙwace miki wannan. Inna kuwa ba ta da kowa. Kuma kin ga wahalar da ta sha, wata biyu ba ta yi barcin kirki ba."

"Mai idon da ya kama ta."

"Mama, ke ma kin san…"

"Me na sani? Kana so 'yarka ta ɗauki tafiyar agwagwa? Ta yi ta dariya kamar wadda aka yi wa cakulkuli, ta tsufa a gidan wasu tana wanke kashin 'ya'yansu?"

Wilberth ya sunkuyar da kai. Irin mazan nan ne da ba sa musu kuma ba sa sauyawa. Ta san an gama.

Ba ta yi yaji ba, ba ta ƙi aiki ba. Ita ta zaɓi talo-talon da za a yanka, ita ta soya 'ya'yan kabewa, ta fito da farar rigarta mai aikin furanni ta wanke ta goge. Masu shigowa suna cewa Eulogia ta yi dattako. Ba su ga yadda take kallon ƙugun Casilda ba duk lokacin da ta gifta, ƙugun da bai taɓa ɗaukar nasa ba.

Ranar jajibiri da la'asar gida ya kacame da aiki. Casilda tana can bayan gida tana figar talo-talo, hannunta duk jini da gashi. Leydi za ta kai masara injin niƙa kafin a rufe. Ta shayar da Nayeli a gurguje, ta duba hagu ta duba dama, ba hannun da ke sake sai na surukarta, wadda ta shiga ɗaki gwada rigar biki.

"Mama, don Allah riƙe min ita. A tsaye, Mama, ta sha da yawa. Yanzu zan dawo."

Ɗakin ya rage daga Eulogia sai yarinya sai teburin da aka riga aka jawo tsakiya aka shimfiɗa wa farin ƙyalle saboda gobe. Nayeli ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta kafa wa kakarta ido tana wasa da furen wuyan rigarta. Eulogia ta dubi tebur. Ta saurara, ta ji Casilda can nesa tana waƙar coci da muryarta ta gwangwani.

Al'ada ta ce wadda ta fara. Ba ta ce wadda aka zaɓa ba. Haka Eulogia ta faɗa wa kanta, kuma ba ta tsaya jiran wata murya ta musa mata ba. Ta sauke yarinya daga kafaɗa, ta ware 'yan ƙafafun nan, ta ɗora ta a ƙugunta na hagu, ta zagaye ta da hannu ta matse. Wurin ya karɓe ta kamar jiya ya sauke Wilberth. Ta fara zagaya tebur da dogon takunta, tana magana ƙasa-ƙasa: ki yi ƙwazo, ki tsaya da ƙafarki, kada ki ci abincin gidan kowa, hannunki ya san zare.

Ba ta kai ƙarshen zagayen da ake yi ba. Ƙashin ƙugu ta ƙasa, damtse ta sama, cikin yarinya cike da nono a tsakiya. Ya taso gaba ɗaya, ta baki ta hanci, ya wanke gefen rigar tun daga haƙarƙari har gwiwa. Eulogia ta jira kuka. Kuka bai zo ba. Ta ɗago yarinya ta ga ido a zare, baki a buɗe, fuska tana rinewa.

Ta binne 'ya'ya biyu, ta san kamannin abin in ya tunkaro. Amma hannunta bai tsaya ba: ta kifa yarinya a damtsenta, kai ya yi ƙasa, ta tallafe haɓar, ta bubbuga tsakanin kafaɗu, yadda ta gani ana yi. Ta sake. Ta sake. Nayeli ta yi wani tari mai kauri, nono ya fito ta hanci, ta ja iska da ƙara, sannan ta ɓarke da kukan da har injin niƙa an ji.

Casilda ta faɗo ɗakin tana ɗingishi, gashin talo-talo manne a hannunta. Ta goge hannu a zani ta karɓi yarinya, ta duba leɓenta, ta share mata hanci, ta sa kunne a ƙirjinta. Sai da ta tabbata numfashi ya daidaita, ta miƙar da ita a kafaɗa, sannan ta dubi yayarta. Ta dubi kafaɗar rigar, a bushe ƙarau. Ta dubi ƙugun, sharkaf.

"Yaya, tumbiɗin yarinyar nan ya iya zaɓen wuri."

"Zamewa ta yi."

"Ta zame, ta ware ƙafafu da kanta, ta ce a zagaya da ita tebur? Ga sawunki nan a ƙasa, kin ɗiga nono kamar mai ban ruwa."

Eulogia ta miƙe tsaye sosai. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. "Na ɗora ta. Jikata ce. Jinina ce, ba taki ba. Kin zo gidana kin karɓe ɗana, kin karɓe surukata, kin sa an kwance ragata. Ƙugun ma sai na bar miki?"

"Ke kika miƙo min ita, Yaya, a gaban Brígida da kowa. Ni ina zaune ina ɓarar wakena." Muryar Casilda ba dariya a cikinta, abin da ba a saba ji ba. "Kin haifi shida. Ni abu guda aka ce za a ba ni a duniya, na yini ɗaya, shi ma sai da kika riga ni lasa. To ki lasa. Amma da cikinta a cike? Da ta tafi fa, wa za ki ce ya kama ta da ido?"

A nan Leydi ta shigo da bokitin ƙullu a ka, ta tsaya a ƙofa. Casilda ba ta rufa wa yayarta asiri ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba. Ta faɗi abin da ya faru, har da cewa Eulogia ce ta dawo da numfashin yarinyar. Leydi ta sauke bokiti, ta karɓi 'yarta, ta fita. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

Washegari aka yi hetzmek. Maganar ta riga ta fita, don a ƙauyenmu katanga duwatsu ne da aka jera ba siminti. Doña Brígida ta yanke hukunci cewa abin da aka yi ba kyandir ba shaidu ba a yi shi ba. Aka jira nono ya kwanta wa yarinya tukuna, sannan Casilda ta ɗora ta a ƙugunta mai taushi ta zagaya tebur tana ɗingishi, ana ɓarar 'ya'yan kabewa, ana lasa wa yarinya ƙwai a leɓe. Eulogia tana tsaye a gefe da tsohuwar riga, don ta bikin ba ta bushe ba. Wata ta raɗa wa wata cewa yarinya ta zauna daram kamar wadda ta saba, suka toshe baki da mayafi. Eulogia ta ji, kuma ba ta ji haushi ba.

Tumbiɗin ya ragu da Nayeli ta fara zama, kafin ta yi tafiya ya wuce kamar ba a yi ba. Abin da bai wuce ba shi ne na Leydi. Har aka yaye yarinya ba ta sake barin ta ita kaɗai da kakarta ba, ko na shiga wanka. Da ta samu ciki na biyu ta tafi garinsu ta haihu a gaban uwarta, namiji, can aka yi masa hetzmek. Eulogia ta ji labari ne a bakin mai keke.

Yanzu Nayeli tana makarantar firamare. Kowace safiya takan bi ta ɗakin Casilda ta sumbaci hannunta ta ce madrina, a ba ta alewa. Kakarta kuwa "ina kwana, Kaka" ce daga nesa, wani lokaci da baki cike. Amma yarinyar doguwa ce siririya, takunta dogo, ba ta da yawan dariya, kuma in ta ce a'a ko uban wa ya zo a'a ce. In ta ƙure Leydi, sai ka ji daga ɗaki, "Ba laifinki ba ne, ƙugun sata ne!"

Kwanan baya na je karɓar ragar da na ba da saƙa, na tarar wata mata ta kawo ƙara: Nayeli ta ƙwace wa 'yarta ƙyallen gashi, wai ya fi nata kyau, ta jefa a rijiya. Leydi tana ba da haƙuri, Casilda tana neman wani ƙyallen a ɗakinta da za a biya. Matar ta juyo wurin bishiyar lemo ta ce, "Doña Eulogia, kowa ya san inda yarinyar nan ta ɗauko wannan hali."

Eulogia ba ta ɗaga kai daga zare ba. "Ƙara faɗa da ƙarfi," ta ce. "Ƙanwata kunnenta ya fara nauyi."